Falke Da Agogo: Abin Da Na Ɗauko Daga Tamanrasat

 Yau ina so in ɗan kauce daga zancen farashi da muka saba, in yi magana a kan wani ɓarawo da ke shiga garken kowannenmu ba tare da ya haura danga ba, watau kwana. Rago ya kwana a turke sai ya ci, sai ya sha, yaron da ke tsaronsa ma sai ya ci. In mota ce ka tsayar, direba yana lissafi. Mu kuwa mun iya ƙirga kai, mun iya ƙirga kuɗi har cikin duhu, amma kaɗan ne a cikinmu ke ƙirga kwanaki.

Ni kaina sai da na sha wuya kafin na farga, kuma a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya na sha ta.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, garin yana can cikin duwatsun Hoggar, a kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,300, shi ya sa sanyinsa na hunturu ba wasa ba ne. Daga Alje babban birni kusan kilomita 2,000 ne. Daga wajenmu kuwa sai ka bi Agadas, ka yi kusan kilomita 240 zuwa Arlit, ka ƙara fiye da 200 zuwa Assamaka, ka tsallaka In Gezam, sa'an nan ka fuskanci wasu kilomita 400 kafin ka ga gari. Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Abzinawa da Larabawa da yawa suna jin ta, kuma gasasshen naman da garin ya yi suna da shi, har baƙi daga arewa suke nema, sunansa mainama. Kowa ya ji wannan suna ya san daga inda ya fito.

Cinikin da ke tsakaninmu da su yawanci musaya ce. Dokar da suka sabunta a 2020 ta yarda 'yan kasuwar jihohinsu na kudu masu rajista su karɓi kaya daga Nijar da Mali, irin su dabbobi masu rai, lalle, gyaɗa da kayan yaji, su kuma ba da nasu, irin su busasshen dabino, gishiri, barguna da kayan roba. Kuɗin da aka sayar da kayanka ba a aljihu za ka zuba ka juyo ba, kayan ƙasarsu za a saya da shi. To ka ga ke nan falken wannan hanya agogo biyu yake kallo a lokaci guda: na dabba, da na dabino. Dabino kuwa kowa ya san ranarsa. Wanda ya sauke shi a Maraɗi ko Katsina saura mako biyu a ɗauki azumi, shi ne mai kasuwa. Wanda ya sauke azumi na goma, sai dai ya roƙi 'yan baranda.

Wata shekara, cikin watan Sha'aban, na isa da dabbobi ranar Alhamis bayan la'asar. A zuciyata na yi sauri. Ashe ofisoshi da bankunan Aljeriya Juma'a da Asabar suke hutu, haka tsarinsu yake tun 2009. Na san da haka fa, ba wai ban sani ba, amma ban taɓa zama na lissafa ba. Ranar Lahadi suka buɗe, sai aka ce akwai wata takarda da sai an tabbatar da ita daga ɓangarenmu, mu kuwa Asabar da Lahadi muke hutu. Aka kai Litinin. Kafin a gama, motar da muka yi magana za ta ɗauko mini dabino ta sami wani lodi ta tafi, kuma ban ga laifin direban ba, shi ma iyali gare shi. Na jira wata. Dabinona ya iso gida ana azumi na tara. Abin da na samu a kan dabbobi, dabino ya cinye, har ya taɓa uwar kuɗi. Ba a sace mini ko akuya ba, ba a cuce ni a ciniki ba, kwana huɗu kawai na yar a hanya.

Tun daga ranar na riƙe wannan: tsakaninmu da Aljeriya, ranakun da ofis ke buɗe nan da can a tare huɗu ne kacal a mako, Litinin zuwa Alhamis. Agogonmu ɗaya da nasu, ba bambancin sa'a, sai dai in da mutumin Mali kake magana, shi yana bayanmu da awa ɗaya. Amma makonmu ba ɗaya ba ne.

A gidan fatomana na can akwai ɗansa, saurayi da ya yi jami'a, haifaffen garin. Ba ya zuwa ofishin kowa. Yana ɗaki da kwamfuta yana zana tallace-tallace da tambarin shaguna, yana fassara takardu daga Larabci zuwa Faransanci, masu ba shi aiki wasu a Alje, wasu ma a ƙasashen waje, bai taɓa ganin fuskarsu ba. Da farko na ɗauka zaman banza yake yi, har na yi wa uban jaje a raina. Sai ya nuna mini kati. Gwamnatinsu ta yi doka a Disamban 2022 don irinsu masu aikin kansu, aka fara rajista a Janairun 2024, harajinsu rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka samu. Watau sana'a ce hukuma ta sani.

Ranar da ya ji ina ba ubansa labarin asarar nan tawa, sai ya ce, "Baba Alhaji, ai ni da kai sana'armu ɗaya. Ba mai biyanmu albashi, ba mai kaɗa mana ƙararrawa. In na makara da aiki, mai aiki ya tafi wurin wani. Bambancinmu, ni aikina ba ya cin dusa in ya kwana."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna. Dillali shi ne mai aikin kansa na asali. Ba ubangida, ba fansho, sai la'ada da amana. Yaron ya zaunar da ni dare uku bayan isha'i, muna shan shayi, yana nuna mini manhajojin da irinsu ke tsara lokaci da su. Zan faɗi abin da na gani tsakani da Allah, don ba duka ne suka dace da mu ba.

Akwai wata dabara da suke ji da ita, sunanta Pomodoro, wani Ba'italiye Francesco Cirillo ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980. Wai ka kunna agogo, ka yi aiki minti 25 ba ka kula kowa, ka huta minti 5, ka koma. Na ce masa, ɗana, je ka kara ranar kasuwa ka ce wa mai saye ya dakata agogonka bai buga ba, ka ga ko zai jira. Wannan ta masu zaman ɗaki ce. Haka wata mai suna Toggl, da ke ƙirga sa'o'in da mutum ya yi a kan kowane aiki don ya san nawa zai caza. Mu ba a biyanmu da awa. Sai dai na ɗauki abu ɗaya a cikinta: tunda shi yana ƙirga awa a kan kowane aiki, me zai hana ni ƙirga kwana a kan kowane garke? Yanzu duk dabbobin da na saya, ina rubuta ranar da suka shigo hannuna. A ce raguna 100 ne, a ce kowane yana cin abin sefa 300 a yini tsakanin harawa, dusa da ruwa. Jaka 30 ke nan kullum. In aka taya maka yau ka ce albarka saboda kana hangen ƙarin sefa 2,000 a kai, kuma sai bayan kwana goma ka samu, ka ci jaka 200 ka kashe jaka 300. Da yawanmu mun sha yin wannan muna murna, muna cewa mun riƙe wuta.

Sa'an nan ya nuna mini Trello. Allo ne a cikin waya mai layi-layi, kowane aiki kati guda, kana ja da yatsa daga wannan layi zuwa wancan. Ya shirya mini nawa: waɗanda aka saya, waɗanda ke hanya, waɗanda ke jiran likitan dabbobi, waɗanda aka sayar ba a biya ba, da waɗanda aka gama. Abin ya burge ni, don kamar turaku ne ka jera. Amma ban daɗe da ita ba. Rubutunta ƙanana, ido kuma ya fara gajiya, ga yatsun da suka saba da igiya. Na bar wa yarona mai riƙe mini lissafi, shi yana jin daɗinta. Duk mai yara biyu ko uku a kasuwanni daban-daban, wannan za ta yi masa amfani, don kowa zai ga allo ɗaya daga inda yake.

Abin da ya fi yi mini rana shi ne wanda ya fi sauƙi, kalandar da ke cikin wayar tun ranar da na saye ta, ban taɓa buɗewa ba. Kyauta ce. Ka sa rana, ka sa abin da za a yi, ka ce ta tuna maka saura kwana uku, ta sake tuna maka saura kwana ɗaya. Muka zuba ranakun kasuwa masu maimaituwa: Mai'aduwa, Illela da Tawa ranar Lahadi, Fataskum Laraba, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a. Za ka ce ai waɗannan ko cikin barci ka sani. Gaskiya ne. Amma ganinsu a jere kusa da ranar da mota za ta tashi da ranar da ofis zai rufe, shi ke nuna maka inda za a yi karo tun ba a yi ba. Muka shafa wa kowace Juma'a da Asabar ja saboda Aljeriya, Lahadi kuma wani launi saboda gida.

Babban abin da yaron ya koya mini shi ne lissafi da baya-baya. Shi in an ce ya kawo aiki ran 30 ga wata, ba daga yau yake fara tunani ba, daga ran 30 yake dawowa. Mu ma ranarmu sananniya ce. Layya ta kama 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, kowace shekara tana matsowa da kwana goma zuwa goma sha biyu. Daga ƙaramar Sallah zuwa babba kwana saba'in ne, ko ƙasa da haka kaɗan. To sai ka tsaya a ranar Layya ka waiwayo. Ina so dabba ta kasance a kasuwa saura kwana goma sha biyu. Kafin nan tana buƙatar hutu ta murmure daga wahalar mota. Kafin nan kwanakin hanya, ka ƙara biyu saboda faci da shingaye. Kafin nan takardar lafiya, wadda dole ta faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Kafin nan saye. Da ka gama sai ka ga ranar da ya kamata ka fara saye ta riga ranar da ka saba da kusan mako biyu. Da na yi wannan lissafi karo na farko sai da na riƙe baki. Shekara da shekaru ina tashi a makare, ina ɗora wa hanya laifi.

A nan sai in ja kunne. Kalandar waya tana iya nuna ranar Hijira, amma lissafi take yi, ba ganin wata ba. Tana iya saɓawa da kwana ɗaya, kuma ƙasashenmu ma ba kullum suke yin Sallah rana ɗaya ba. Saboda haka in za ka yi wa'adi da mutum, daina cewa "bayan Sallah". Bayan Sallah ba rana ba ce. Ni na taɓa bin wani bashi da aka ce bayan Sallah, da na je sai ya ce shi babba yake nufi. Faɗi rana, faɗi kwanan wata, ka aika masa a rubuce ko da murya, shi ma ya amsa.

Wannan ya kawo mu kan WhatsApp, wadda ita ce ofishin kowannenmu yanzu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Ta sauƙaƙa abubuwa, ba musu. Da sai ka yi tafiyar kwana biyu ka ga sa, yanzu bidiyo ake turo maka, har ka ce a buɗe bakinsa ka ga haƙora. Wanda bai yi boko ba yana aika saƙon murya, ba ya neman mai rubuta masa wasiƙa. Amma wallahi ita ce kuma babbar mai cin lokaci. Mutum yana cikin zaure goma sha biyar, na 'yan kasuwa, na 'yan gari, na siyasa, na dangin mata, kowane ana zuba murya mai minti bakwai, rabinta gaisuwa. Saƙon mai saye ya nutse a tsakani, sai bayan kwana biyu ka gani, ya riga ya saya a wani wuri.

Yaron ya yi mini gyara uku a nan. Ya kashe ƙarar duk zaurukan da ba na ciniki ba. Ya kafe mutane uku a sama, fatomana, direba da yarona na gida, don kada su nutse. Sa'an nan ya sauya mini zuwa WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, inda ake manna wa kowane mutum alama mai launi: wannan ana binsa, wannan yana bina, wannan ya ba da kafin alƙalami. Ya kuma nuna mini yadda ake saurara murya da sauri ninki biyu, Allah Ya saka masa, don akwai wani abokin cinikina da in ya fara gaisuwa sai ya gaida har kajin gida. Ni kuma na ƙara nawa tsarin: zauruka sau biyu nake buɗewa a yini, bayan azahar da bayan isha'i. Mu da muka tashi a Islamiyya ai an riga an yanka mana yini gida biyar, ba mu buƙatar wani Bature ya raba mana. Lissafin jiya bayan asuba, kafin waya ta fara kuka. Kiran masu bashi da hantsi. Shi ke nan.

Batun bashi kuwa, malamanmu sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka. Amma dubi yadda muke: miliyoyi suna yawo a kan "na ji, na yarda". Ba sai ka nemi wata manhaja mai wuya ba. Google Keep ko duk wani littafin rubutu na waya ya isa: suna, kai nawa, kuɗi nawa, na wace ƙasa, ranar biya, da shaidu. Kar a manta da rubuta irin kuɗin, don wanda ke juya dinari, sefa da naira ya san canjin ranar ciniki daban, na ranar biya daban, kuma a nan zumunci da yawa ya lalace.

To amma kada wani ya karanta wannan ya jefar da littafinsa. Hanyar nan ta hamada, akwai inda za ka yi sa'o'i ba sabis ko ɗigo. Da ka tsallaka iyaka layin gida ya zama sai a hankali, sai ka nemi Mobilis, Djezzy ko Ooredoo. Duk manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ba abokiyar tafiya ba ce, ka gwada ta tun a gida: kashe data ka ga ko za ta nuna maka abin da ka rubuta. A cikin gari ma ba tabbas. Aljeriya ta sha toshe intanet a lokacin jarrabawar kammala sakandare don hana satar amsa, kuma a 2024 jarrabawar ta kama 9 zuwa 13 ga Yuni, watau daidai makon da kasuwar Layya ke ci. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida. Sannan waya tana faɗuwa, ana sace ta, rairayi yana kashe ta. Na san wani ɗan'uwanmu da wayarsa ta faɗa rijiyar shayar da dabbobi da lissafin shekara biyu a ciki, bai taɓa ajiye kwafi ba. Masu tsoron Allah suka biya shi. Sauran har yau yana gaishe su a kasuwa, suna amsawa. Don haka a sa yaro ya kunna maka ajiyar kwafi a intanet, ka rubuta lambar sirrin a takarda ka ba uwargida ta adana, kuma duk bashin da ya kai a kira shi bashi ya shiga littafi da biro a daren ranar.

Akwai kuma abin da ba kalandar da za ta hango maka. A 2020 cutar korona ta rufe iyakoki. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, iyakar Nijeriya ta kasance a rufe har Maris na 2024. A Afrilun 2025 dangantaka ta yi tsami tsakanin Aljeriya da ƙasashen Mali, Nijar da Burkina Faso bayan harbo jirgi marar matuƙi na Mali a wajen Tin Zawatin, har aka janye jakadu. A shekarar dai, Aljeriya ta ba da sanarwar shigo da raguna miliyan ɗaya daga waje don Layya, aka kawo daga Romaniya da Sifen, Nijar kuma ta hana fitar da dabbobi ana saura 'yan makonni Sallah. Wanda ya tsara kwanakinsa ƙi-ƙam ba rara, irin wannan labari na kwana ɗaya ya isa ya karya shi. Ni yanzu kowane lissafi na yi sai na bar kwana uku fanko a ciki, kuma ba na zuba jari duka a hanya ɗaya. In an tambaye ni yaushe zan iso, ina faɗin ranar, in ce in Allah Ya so, kuma duka biyun da gaske nake.

Fatomana, uban yaron nan, har yau bai yarda da ko ɗaya ba. Ya ce shi shekara arba'in yana ciniki da ƙwaƙwalwarsa da carbinsa, ba a taɓa bin sa bashin da ya manta ba. Na ce, "Maigida, naka da ake bin ka ba ka mantawa, to wanda kake bi fa?" Ya yi shiru, ya zuba shayi zagaye na uku. Washegari da safe na ji shi yana tambayar ɗan nasa a hankali, wai abin nan mai tuna wa mutum rana, yana jin Larabci?

Na yi magana da sakataren ƙungiya, ya amince bayan taronmu na wata mai zuwa yara biyu za su zauna su shirya wa duk mai so kalandarsa da ajiyar kwafi, ba ko sisi. Mai zuwa ya zo da wayarsa cike da caji, ya zo da tsohon littafin bashinsa, ya kuma tuno ranakun kasuwannin da yake ci. Wanda ya manta lambar sirrin adireshinsa na intanet ya zo da wuri, don nasa aikin ya fi tsawo.